Tebur miliyan biyu, yaro kuma yana bakin geti

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun shekaranjiya wani abu ke cina, na ce bari in amayar da shi a nan ko na samu barci.

Daren Asabar an yi wasan mawaƙa a wani babban ɗakin taro cikin garin Abuja, ba sai na kama suna ba. Mu direbobin haya da ake kira ta manhajar waya, irin wannan daren shi ne kakarmu, don haka tun bayan isha'i na kafa mota a kusa da wurin. Tikitin gama-gari dubu 15, na manya dubu 60, tebur kuma miliyan 2. Ba ji na yi ba, a allon bakin geti na karanta.

Sawuna na uku wasu samari huɗu na ɗauko daga Asokoro, shadda sai maiƙo take, turare har ya hana ni numfashi. Ɗayansu yana waya yana cewa tebur biyu suka kama saboda abokai za su zo daga Kaduna. Da muka isa, manhaja ta nuna 4,700, ciki har da ɗari uku na jiran da na yi musu a ƙofar gida. Wallahi sai da muka yi minti biyar muna ja-in-ja a kan ɗari ukun nan. Na bar masa.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Wani yaro ne, bai wuce shekara 19 ba, ya wanke farin kambas ɗinsa fes, fuskar wayarsa a fashe. Ya biya dubu 15 ta intanet, an cire kuɗin, amma lambar da ake haskawa a geti ba ta shigo ba. Yana nuna wa ƙartin ƙofa alat, su kuwa suka ce na'urarsu ba ta san alat ba. Ya kira lambar masu shirya wasan har cajinsa ya kusa ƙarewa, ba a ɗaga ba. Daga baya na gan shi zaune a kan kwalbati da wasu yara biyar, sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wasan da wata daga ciki take haskowa kai tsaye a TikTok. Ganga tana dukan katanga a bayansu, sai bayan daƙiƙa kusan goma sannan ta iso cikin wayar. Ƙarfe 3 na ɗauke shi kyauta na sauke shi a Nyanya, tunda hanyata ce ta Mararaba. A mota yake gaya min koyon gyaran waya yake yi, sati uku ya yi yana tara kuɗin.

Tambayata: dama can haka duniyar take, ko waya ce ta sa yanzu muke gani da idonmu?

Maman Sadik: Wa'alaikumus salam. Allah sarki yaro. Kuɗinsa za su dawo in Allah ya yarda, amma daren ba zai dawo ba.

Hajiyar Gwarinpa: Baban Ummi, Allah ya saka maka da ka taimaki yaron. Amma bari in faɗi gaskiya ko za a ji haushina. Ina wurin, tikitin dubu 60 na saya da guminna, ba na sata ba. Wasa ba asibiti ba ne, ba makaranta ba ce. Iya kuɗinka iya shagalinka. Yaron da ke koyon sana'a me ya kai shi zuba tarin sati uku a kallon dare ɗaya? Da ɗana ne da sai na ja masa kunne. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mun fiya son mai da komai rigimar talaka da mai kuɗi.

Ɗan Mpape: Hajiya ranki ya daɗe, ke da kika je kwaɗayi ne ya kai ki ko shaƙatawa? In ke kika je shaƙatawa ce, in shi ya je kwaɗayi ne?

Hajiyar Gwarinpa: Ni ban taɓa kuɗin cefanena ba kafin in je. Bambancin ke nan.

Ɗan Mpape: Ai shi ne maganar da ake yi. Ni birkila ne. Daga tudun unguwarmu ina hango fitilun Maitama kamar an zuba taurari a faranti, rabin gidajen nan hannun irinmu ne ya ɗora bulonsu, wasu ma duwatsun daga nan Mpape aka fasa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 dubu 70 ne. Ku raba miliyan 2 da dubu 70. Wata 28 ke nan da ɗoriya. Shekara biyu da wata huɗu mutum bai ci ba, bai sha ba, bai hau mota ba, sannan ya kama tebur ɗaya na awa biyar. Su kuma samarin Baban Ummi biyu suka kama, suna rigima a kan ɗari uku. Ban ce a ƙwace na kowa ba. Amma kar a ce mana ba mu ga abin da muka gani ba.

Mai Sauti: To bari ɗan cikin gida ya yi magana, don wannan ita ce sana'ata, shekara 11 ina haɗa sifika da makirfo a wuraren taro. Ba ni na yi aikin ranar Asabar ba, amma na san lissafin.

Mutane suna ganin dubu 15 kamar zalunci ne. Babu mai shirya wasa mai hankali da zai dogara da wutar gari, ko da layinsa na Band A ne, wato wanda aka fi ba wuta, don in ta ɗauke minti ɗaya a tsakiyar waƙa an gama da sunanka. Dole a kawo babban janareta, a kawo na biyu ya tsaya jiran ko-ta-kwana. Mai ƙarfin kVA 250 yana shan lita 40 zuwa 50 na man gas a awa idan an ɗora masa kaya sosai, kuma tun rana muke kunna shi saboda gwaji. Ku lissafa da kanku, lita ta daɗe da haura dubu ɗaya. Ga kuɗin ɗakin taro, ga allon haske, ga 'yan tsaro, ga jirgin mawaƙi da yaransa da otal. Kayan sautin ma duk da dala aka shigo da su, sifika ɗaya ta ƙone sai ka yi kuka.

Maganar da ba a so a ji ita ce: masu tebur ne suke ɗauke wasan. In an sayar da tebur 20, an fita kunya tun kafin a buɗe geti. Ba don su ba, tikitin dubu 15 ɗin nan sai ya kai dubu 40. Wato shi mai teburin da kuke zagi yana biya wa na baya wani kaso, ko ya sani ko bai sani ba.

Auta: Yaya Mai Sauti, yana biya mana ko yana biyan kuɗin a ture mu baya? Na je irin wannan wasan sau ɗaya bara, muka haɗa kuɗi da ƙawayena daga Gwagwalada. Tebura sun cinye gaban dandamali gaba ɗaya, an sa ƙarfe an raba, mu muna can ƙarshen ɗaki muna tsaye. Mawaƙin kamar ƙwaro nake hango shi, a allo na kalle shi. Masu teburin kuma rabinsu ba sa ko kallonsa, suna danna waya, sai an ambaci sunansu su ɗaga hannu. Mu da muka haddace waƙoƙin muna baya muna rerawa. Tun daga ranar na ce wayata ta fi min.

Baba Na-Gangare: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Abin da Mai Sauti ya faɗa ba sabo ba ne, mai kuɗi ya daɗe yana biya wa talaka kallo. Yadda ake biyan ne ya canza.

A Jos na tashi, kafin aiki ya kawo ni nan bayan an dawo da babban birni Abuja a 1991. Lokacin da muke samari, in attajiri yana aurar da 'ya, a ƙofar gidansa ake kafa wasa, a titi. Shi zai ɗauki nauyin makaɗa, shi da abokansa su yi ta kari, wannan ya ba da riga, wancan ya ba da kuɗi, maroƙi yana shelantawa. Mu kuma yaran unguwa, da mai tallan gyaɗa, da ɗan dako, da wanda ko takalmi ba shi da shi, duk muna da'ira ɗaya. Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Tabarma da kujera na manya ne, wannan gaskiya ne, amma kunne da ido na kowa ne. Na tsaya kusa da marigayi Ɗan Maraya har ina ganin yatsansa a kan tsirkiyar kuntigi, ɗan abu kamar gwangwani a hannunsa amma ya cika fili, ba sifika goma ba allo. Kuma mutumin nan ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka mai neman na kansa. Ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa.

A da mai kuɗi yana biya ne don jama'a su taru su ga ya biya. Girman nasa a idon talaka yake, in babu taro kari ba shi da daɗi. Yanzu yana biya ne don a sa ƙarfe tsakaninsa da jama'a. Shaidun da yake buƙata ba sa wurin, suna cikin waya, za su gani gobe a Instagram.

Hajiyar Gwarinpa: Baba Allah ya ƙara lafiya, amma kar mu shafa wa jiya zuma. Su Shata da Ɗanƙwairo wa suka fi yi wa waƙa? Sarakuna da attajirai. Talaka yana tsaye a rana yana jin ana kirarin dukiyar wani. Kuma mata irina a wancan lokacin ta bayan zana muke leƙe, in ma an bari. Ni yanzu na sayi tikitina da kaina, na zauna a kujera, babu mai tura ni, babu ɗan daba, babu mai yankar aljihu. Ƙarfen da kuke kuka da shi ni kariya ce a wurina.

Baba Na-Gangare: Wannan kin yi gaskiya 'yata, ban musa ba. Maganar mata kam kin kama ni. Amma ko ta bayan zana kika leƙa ba a ce ki biya ba.

Malam na Dei-Dei: Jama'a mu ji tsoron Allah. Arziki da talauci duk jarrabawa ce, Shi ya fifita wasu a kan wasu a wajen rabo. Kuma ni ban ga abin yi wa kuka ba don an hana yaro shiga wurin kiɗa, wataƙila ma alheri ne gare shi.

Ɗan Mpape: Allah gafarta Malam, mun yarda da ƙaddara. Amma Wanda ya raba arzikin Shi ya ce a fitar da kashi ɗaya cikin arba'in duk shekara. Da ana fitarwa yadda ake kama tebur, da ba mu ga mata da goyo suna bin motoci a danjar Wuse ba. A yi mana wa'azin haƙuri, mun karɓa. Su ma a riƙa yi musu nasu da irin wannan ƙarfin murya.

Malam na Dei-Dei: Ana yi. Ba sa zuwa ne.

Maman Sadik: Malam ka ba ni dariya wallahi.

Ni bari in dawo kan tambayar Baban Ummi ta waya, don nan ne nake da abin faɗa. Shekara huɗu ina POS a ƙarƙashin lema a Nyanya. Na'urar nan ita ta biya kuɗin makarantar yarana, ba zan zage ta ba. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ma kowa ya koyi transfa dole, har mai shayi da mai lemo. Amma ina zaune ina kallon yadda take cin mutane ba daidai ba. Harajin naira 50 da ake cirewa a transfa ta dubu 10 zuwa sama, wanda ya tura dubu 10 hamsin ne, wanda ya tura miliyan 2 na tebur shi ma hamsin ne. Mai aikin gini zai zo ya cire dubu 5 in caje shi ɗari, gobe ya dawo ya cire dubu 3 in sake caja, saboda ba shi da halin cirewa gaba ɗaya. A wata sai ya biya abin da babban mutum bai biya ba. Ni ce nake karɓa, kuma ina jin nauyin abin, amma ni ma saya nake yi.

In kuma kuɗi ya maƙale, a nan za ka ga bambanci. Alhaji yana da lambar manajan banki, kira ɗaya an gyara. Yaron Baban Ummi sai ya bar shago, ya biya mota, ya ja layi, a ba shi fom, a ce ya jira kwanakin aiki.

Auta: Anti ga data kuma. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a watan Janairun 2025, kallon kai tsaye na awa biyu sai ka ji a jikinka. Yaran nan shida da suka haɗu a waya ɗaya ba don soyayya ba ne, data ce ta mutum ɗaya.

Mai Sauti: Duk da haka Auta, da babu wayar ko wannan ba za su samu ba. Kuma ku duba ɗaya gefen. Yaro a Kubwa ko Suleja da kwamfuta ɗaya da makirfo a ɗakin da aka lulluɓe da katifa zai yi waƙa, ya sa a TikTok, sati biyu ta zaga Arewa har Nijar. A da sai ka yi shekaru kana bin ubangida kana ɗaukar ganga. Da yawa daga masu hawa dandamalin nan 'ya'yan talakawa ne, waya ce ta fito da su.

Ɗan Mpape: Talaka ya ƙona datarsa ya ɗaga shi, ranar da ya yi suna kuma sai ya sa farashin da talakan ba zai gan shi ba. Mu muka shuka, wasu suka zo girbi.

Mai Sauti: Ba mawaƙi ke yanka tikiti ba sau da yawa, mai shirya wasa ne. Shi an biya shi kuɗinsa tun kafin ya hau jirgi. Kuma kar ka manta, ku da kuke sauke waƙarsa kyauta kuna tura wa juna ta WhatsApp, sisi ba ya shiga aljihunsa ta nan. Kaset ya mutu, faifai ya mutu. In bai ci a wasa da biki ba, a ina zai ci?

Hajiyar Gwarinpa: Yawwa. Kowa yana son kyauta.

Baban Ummi: Na karanta duka, na gode. Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma ni shi na fi sani: komawa gida. Garin nan an gina shi ne don mai mota. An hana acaɓa shiga tsakiyar gari tun 2006. Jirgin ƙasan cikin gari da aka sake buɗewa a 2024 yana zuwa filin jirgi da Kubwa, ba ya bi ta wajenmu, kuma ba ya aikin tsakar dare. Wasa ya tashi ƙarfe biyu da rabi, mutum dubu sun fito lokaci guda kowa yana danna manhaja, farashi ya ninka. Na ga 'yan mata uku tsaye a bakin titi da takalmansu a hannu, an nuna musu kuɗin zuwa Lugbe ya kusa kai kuɗin tikitinsu. In sun ce su tari motar hanya, ga tsoron 'yan wan-cans, masu fashi da sunan motar haya. Wasu sai su zauna a harabar wurin har a kira asuba. Don haka tikitin dubu 15 ba dubu 15 ba ne ga ɗan Mararaba. Ga mai zama a Maitama kuwa minti bakwai ne.

Kuma kar ku ɗauka ni na ci riba a ninkin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da ɗari biyu ta haye har ta taɓa wuce dubu. In na cire mai, na cire kason kamfani, na cire na mai motar, abin da na shiga gida da shi daren nan bai kai tikitin gama-gari biyu ba. Na tarar ba wuta, na kwanta wayata tana caji a mota.

Baba Na-Gangare: Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kai da yaron duk a bakin geti kuka kwana, shi a kwalbati kai a kujerar direba.

Auta: Wai ni har yanzu ana liƙi a irin wuraren nan? Na ɗauka an hana.

Mai Sauti: Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana, aƙalla wata shida a gidan yari ko tarar aƙalla dubu 50 ko duka biyun, kuma a 2024 an ɗaure wasu a kai. Shi ya sa yanzu wasu ke ajiye bandir a ƙafar mawaƙi ba sa watsawa, wasu kuma mai gabatarwa ya karanto lambar asusu, in alat ya shigo ya shelanta suna da adadi a makirfo. Aikin maroƙin Baba ne dai, sai dai wannan da kwat yake zuwa.

Baba Na-Gangare: Hahaha. Allah ya shirye ku. A da in an watsa, yara suna tsintar wanda ya faɗi gefe a yi musu ido rufe. Alat kuwa ba ya faɗuwa ƙasa.

Hajiyar Gwarinpa: Ni dai har yanzu ina kan bakana, ba laifi ba ne mutum ya ci guminsa. Amma maganar ɗari ukun nan ta tsaya min a wuya, wannan rashin tarbiyya ne ba arziki ba. Baban Ummi, kana da lambar yaron? In kuɗinsa ba su dawo ba zuwa Juma'a ka yi min magana ta gefe.

Maman Sadik: Kafin nan ka ce masa ya ɗauki hoton alat ɗin, ya nemo doguwar lambar da ke jikin rasit ɗin transfa, da ita ake bin sawun kuɗi. Kar ya je banki hannu rabbana. Kuma ya je da sassafe, Litinin da Juma'a layi ba ya motsi.

Mai Sauti: Ni kuma ina da aiki ranar 28 ga wata, ina neman yara biyu masu jan waya da ɗaukar sifika. Dubu 6 ne da abinci, kuma zai tsaya a gefen dandamali, kusa da mawaƙi fiye da mai tebur. Tunda yana gyaran waya hannunsa ya san solda.

Ɗan Mpape: Ka ga ni ko? Ta ƙofar baya dai, da kaya a ka.

Mai Sauti: Ni ma ta nan na shiga, Oga.

Baban Ummi: Yanzu na kira shi. Ya ce a gode wa Hajiya da Maman Sadik, gobe zai je bankin. Maganar aiki kuma har yana in'ina don murna, sai da ya tambaye ni sau biyu ko da gaske ne. Yana tambaya ƙarfe nawa zai zo, kuma wane kaya zai sa.

Mai Sauti: Ƙarfe 1 na rana, mu haɗu a gadar Area 1. Baƙar riga. Farin kambas ɗin ya bar shi a gida, kuma ya taho da auduga ya toshe kunne.